Mu ma mun yi yawon buɗe ido: Madawa, Buza, Kaita

Ɗana ya gwada mini a waya yadda Turawa ke yawo a tekun Bahar Rum: babban jirgin ruwa ya kwana yana tahiya, yau a Marsai ta Faransa, gobe a Napoli ta Italiya. Su sauka su ga kasuwa da tsohin gine-gine, da marece su koma jirgi. Na ce to, mu ba mu da teku, amma akwai mota.

Bayan rabon asusu, mu goma sha biyu munka haɗa kuɗin mota, duk da wasu na cewa ɓarna ce. Munka baro Madawa, garin albasa da tabarmin kaba. Kusa da Buza, cikin kwarin Magiya, munka huta ƙarƙashin layukan dogon yaro da anka soma dasawa a 1975 don tare iska.

A Kaita munka ga duwatsu jere bisa tudu, suna tsai da ruwan sama. Aikin an soma shi a 1984, Italiya ce ta ɗauki nauyinsa, kuma a wancan lokaci yawancin masu ɗaukar dutsen mata ne, an biya su da abinci. Wata tsohuwa ta dafa kanta ta ce: "Ɗiyata, nan dutse ya ci gashi, amma fako ya koma gona."

Gonata ma ruwa na zaizaye ta kowace damana. Tun da na dawo nike jera duwatsu. Kuɗin motar nan bai tahi banza ba.