Akuyar Inna

Ranar da sakamakon bak ya fito, an yi guɗa a gidanmu a Droum har maƙwabta suka shigo. Da dare, bayan kowa ya watse, Baba ya kira ni bakin rumbu ya ce: "To, ka ci. Yanzu nawa za a kashe?" Na yi shiru, don ban taɓa lissafawa ba.

Mu dai mun yi sa'a. Yayyenmu na da sai sun tafi Yamai, kusan kilomita 900, kafin su ga ƙofar jami'a. Tun da aka buɗe ta Damagaram a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan André Salifou, ɗan Droum yana iya barin gida da safe ya iso kafin azahar. Sai na ɗauka kusa da gida shi ne araha. Baba ya sayar da rago, ya ba ni jika 60, na sa a aljihu ina jin kamar na fi kowa.

Kuɗin rajista bai karya ni ba. Ƙananan abubuwa ne suka cinye ni: kabu-kabu safe da yamma, shinkafa da wake a bakin hanya, kiredin waya, fotokofi, da ruwan ƴan ga-ruwa, don kowa ya san halin Damagaram in zafi ya shigo. Kafin wata uku kuɗin rago sun ƙare. Na buga waya gida, bayan kwana biyu aka aiko mini jika 25, ban ma tambayi daga ina suka fito ba.

Sai da na je hutu na ga turken Inna ba kowa. Ƙanwata ce ta ja ni gefe: "Yaya, Inna ta ce kar a gaya maka. Akuyar nan ta kayan lakwal ɗina ce." A shekarar ta shiga kwaleji da tsohon kaye da riga ɗaya. Daren nan ban yi barci ba.

Da na koma, na sayi kaye na dala 20, na fara rubuta duk abin da ya fita daga aljihuna, ko na goro ne. Mako biyu kawai, na ga inda rami yake. Ga abin da na yi, ko wani zai amfana.

Na farko, ɗaki. Na bar wanda nake ciki ni kaɗai, muka haɗu mu huɗu ƴan wajen Mirriah muka kama na jika 12, kowa jika 3. Akwai matsi, akwai mai minshari, amma daga can da ƙafa muke zuwa aji, kuɗin kabu-kabu ya fita daga lissafi.

Na biyu, ciki. Mai tiketin resto kar ya ji kunyar layi, babu abinci mai arahar wannan a gari. Sauran kwanaki tukunya ɗaya muke yi. Bayan kaka kowa yakan zo da tiyoyinsa daga gida: gero, wake, kuka, ƙuli-ƙuli. Abin da ka ɗebo a rumbu a watan Nuwamba, in ka bari sai bazara ka saye shi a Kasuwar Dole, za ka yi kuka. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023 kaya suka yi tsada, wannan geron ne ya rufa mana asiri.

Na uku, takarda. Darasi mai shafi 80, dala 5 kowane shafi, jika 2 ke nan. Mu huɗu muke sayen ɗaya, kowa dala 100, saura su ɗauka a waya. Kuma ka gaida na gaba da kai. Wani yayanmu da ya gama lisans ya bar mana kwali guda na darussa don kawai mun saba gaishe shi.

Na huɗu, burs. Wanda Allah ya ba, ya riƙe ta kamar amfanin gona: a dunƙule take zuwa, kuma ba ranar da kake jin yunwa ba. Na ga wanda ya sayi sabuwar waya ranar da ta faɗo, bayan mako uku yana rancen dala 50. A ɗakinmu, ranar da kuɗi suka shigo hannun wani, haya ake fara biya, sannan a zuba adashe.

Na biyar, ɗan nema. Ina koyar da yara biyu lissafi a Birni, dare uku a mako, jika 10 a wata. An yi mini tayin ƙarin gida biyu na ƙi, saboda abu mafi tsada a jami'a shi ne maimaita aji. Lisans shekara uku ce. In ta zama huɗu, haya da abinci na shekara guda sun ƙaru, kuma wani turken ne za a sake kwancewa a gida.

Ba na cewa dabara tana maganin komai. Akwai abokinmu da ya yi duk wannan, amma da damina ta ƙi, mahaifinsa ya kira shi, yanzu yana Kano yana tura baro. Ina tuna shi duk lokacin da na buɗe kayensa da ya bar mini.

Bara, da kuɗin darasin dare na wata biyu, na sayi ƴar akuya na ɗaure a turken Inna. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce: "Wannan ai ba ta kai waccan ba." Na ce: "Za ta girma, Inna." Ta ce: "Allah ya sa. Ka ci abinci kuwa?"