Billen Inna

Hoton Inna na zamanin ƙuruciyarta guda ɗaya ne ya rage mana, fari da baƙi. An ɗauke ta a zaune, hannuwa a kan cinya, kallabi ya ɗan karkace. Ya daɗe a ƙasan akwati har ya karye a tsakiya, danshin damina kuma ya ci gefensa. Da muka taru a gida da Babbar Salla, 'yar ƙanwata ta gan shi a hannuna ta ce, "Kawu, kawo in gyara maka, ai ko minti biyu ba zai ci ba."

Ta ɗauki hotonsa da kwamfutar hannunta, mai faɗin allon nan da ake ce wa tabulet, ta buɗe wata manhaja, ta dangwala yatsa sau ɗaya. Kafin in gyara zama aiki ya ƙare. Karayar ta ɓace, fuska ta yi sumul, idanu sun fito rau. Kowa ya ce ma sha Allahu. Goggo ce kaɗai ta karɓa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan kuma wace ce? Ina billenta?"

Gaskiya ta faɗa. Billen da ke kumatun Inna na hagu ya tafi tare da karayar takardar. Irin waɗannan manhajoji an horar da su ne da tarin fuskokin mutane, idan suka ga wurin da ya lalace sai su cike shi da abin da suke zaton ya dace. Ba su san bille ba, sai suka ɗauke shi tabo.

Bayan salla na kai hoton wani shagon hoto a bakin kasuwa, inda ake wanke na fasfo da na biki. Mai shagon yana da kwamfutar tebur da ta sha jiki, da Photoshop a ciki. Manhajar nan ta girmi 'yar ƙanwata nesa ba kusa ba: 'yan'uwa biyu ne a Amurka, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙiro ta, kamfanin Adobe ya fitar da ita a 1990. Ya ɗora hoton a na'urar sikanin, ya zuƙo kumatun har ya cika allo, fuskar ta koma ɗigo-ɗigo. Kafin ya taɓa komai sai ya kwafi hoton ya shimfiɗa a kan na asali, yadda duk kuskuren da ya yi na ƙasan yana nan lafiya. Daga nan ya riƙa ɗebo launi daga wurin da bai lalace ba yana liƙawa a kan karayar, kaɗan-kaɗan, kamar mai ɗinkin tsohuwar riga. Da ya iso kumatu sai ya tsaya ya nuna da linzami. "Alhaji, wannan layin na takarda ne ko nata ne?" Na ce nata ne. Ya kewaye shi ya wuce. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, muka jira yaronsa ya tayar da janareto.

Ban ce tabulet ba ta iya wannan aikin ba. Tun 2019 akwai Photoshop na iPad, akwai Affinity Photo, kuma wanda ke da alƙalamin allo yana jan layi a kan hoto kai tsaye, abin da linzami ba ya yi da daɗi haka. Snapseed ma, wadda Google ta mallaka tun 2012, kyauta ce, kuma ta isa a gyara haske da launi a hoton suna kafin a tura wa dangi. Ga caji da ke riƙe ta sa'o'i ba ruwanta da ɗauke wuta. A kwamfutar tebur kuwa wanda ba zai iya biyan kuɗin wata-wata da Adobe ta koma karɓa tun 2013 ba, ga GIMP nan kyauta. Abin da na lura da shi dai shi ne yawancin manhajojin hannu an tsara su ne don a gama da wuri, maɓallin "gyara min" shi ne a gaba, kayan aikin natsuwa suna can ciki sai an tona.

Akwai kuma batun takarda, wanda mai shagon ya fi damuwa da shi. Allon tabulet haske yake fitarwa, takarda kuwa sai an haska ta, shi ya sa hoton da ya yi kyau a hannu yakan fito da duhu. Ya ce kullum sai an kawo masa hoton da aka turo ta WhatsApp, wanda ya riga ya matse shi, a ce a wanke babba na bango. Hoto mai inci 4 da 6 ma yana son ɗigo 1200 da 1800 kafin ya fito tas.

Ya wanke min guda uku. Na kai wa Goggo nata da la'asar, tana kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta goge hannu da zani, ta karɓa, ta ɗora ɗan yatsa a kan kumatun hagu. Ta ce, "Allah ya jiƙanki, Yaya," sannan ta tura jikarta ta ɗauko mata madubin ido.