Allurar Da Ta Yi Mini Ƙarya

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai bar mana dukiya mai yawa ba. Abin da ya faɗo a rabona shi ne wata tsohuwar mota ƙirar Peugeot 504, wadda mutanen Disina suke kira Fijon Malam. An fara ƙera irin wannan mota a Faransa a shekarar 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna, inda aka buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Tamu 'yar Kaduna ce. A cikinta aka kai ni makarantar kwana, a cikinta kuma aka kawo amaryata. Saboda haka duk wanda ya ce in sayar da ita, murmushi kawai nake yi masa.

Wani dare cikin damina ciwon mahaifiyata ya tashi. Muka kwantar da ita a kujerar baya, ƙanwata ta riƙe ta, na kama hanyar Azare. Ban yi nisa ba sai na ga allurar da ke nuna zafin inji ta haura har ta kusa jan layi. Kowane direba ya san ma'anar wannan: in aka ci gaba da tafiya, inji yana iya ƙonewa. Na tsaya a gefen hanya, na kashe mota, na jira. Da na sake tayar da ita sai allura ta nuna daidai, amma ina kunna fitila na hau titi sai ta sake haurawa. Sau uku ina tsayawa cikin duhu, Inna tana nishi tana cewa, "Mu je a haka, ɗan nan, Allah zai kai mu." Allah kuwa ya kai mu asibiti, aka karɓe ta, ta sami sauƙi. Amma tsayuwar nan uku ta daɗe tana ci mini rai.

Bayan kwana biyu na kai motar wurin wani makaniki. Ina cewa zafi, bai jira na ƙarasa ba ya buɗe bonet. Ya wanke lagireto, ya canja fanbel, ya kuma sa sabuwar na'urar auna zafi a jikin inji. Muka zaga gari da rana tsaka, allura ba ta motsa ba. Na biya kusan rabin albashina na koma gida da murna. Daren farko da na fita, allura ta sake hawa.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota a Azare, irin waɗanda ake kira masu rewaya. Mun same shi a gindin darbejiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bai taɓa motar ba sai da ya gama yi mini tambayoyi.

"Malam, da rana take yi ko da dare?"

"Da dare, Baba."

"Ruwan lagireto ya taɓa tafasa?"

"Bai taɓa ba."

"Allurar mai fa, tana zaune lafiya?"

Sai a lokacin na tuna cewa ita ma takan ɗan motsa. Ya ce in tayar da mota in kunna fitila. Allura ta hau. Ya ce in kashe fitila. Allura ta sauka. Ya yi dariya ya ce, "Malam, inji ba ya zafi ya huce cikin ƙiftawar ido. Ba nan gizo ke saƙar ba."

Daga nan ya fara bincike daki-daki, daga abu mai sauƙi zuwa mai wuya. Ya auna batir da mitarsa: in inji yana kashe, lafiyayyen batir yakan nuna kimanin volt 12.6, in kuwa yana aiki yakan kai wajen 14. Nawa lafiya lau. Ya duba fiyus ɗaya bayan ɗaya, ya tarar an naɗe wani da zaren waya. Ya cire shi ya sa sabo, ya gargaɗe ni cewa aikin fiyus shi ne ya ƙone domin ya ceci sauran wayoyi, wanda ya ɗaure shi da waya kuwa gobara yake gayyata. Sannan ya kwance allon da ke gaban direba, ya ɗauki guntun waya ya haɗa bayan allon da ƙarfen jikin mota. Na kunna fitila. Allura ba ta ko girgiza ba.

Ya yi mini bayani cewa wutar mota tafiya ce da dawowa. Takan fita daga batir ta bi waya zuwa fitilu da allurai, sannan ta komo wa batir ta cikin ƙarfen jikin mota. A bayan allon akwai wata waya da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfe, ita ce hanyar dawowar. Ruwan damina ya daɗe yana ɗiga a wurin, tsatsa ta cinye mahaɗin. Da zarar an kunna fitila, wutar ƙananan ƙwayayen da ke haska allon sai ta rasa hanya, ta kutsa ta cikin allurai, su kuma su nuna abin da babu shi. Ya cire kan batir, ya kankare tsatsar, ya ƙara ɗaure notin, ya shafa giris. Kuɗin da ya karɓa bai kai na fanbel ɗin da na saya ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

A hanyar komawa Disina tunanin ajina ya zo mini. Ina da ɗalibai waɗanda Hausa ba harshensu na farko ba ne. Wani zai rubuta "kafa" a wurin "ƙafa", ya rubuta "daka" a wurin "ɗaka". Shekara da shekaru ina bin kowace kalma da jan biro, washegari kuskuren ya dawo. Ashe irin aikin makanikin farko nake yi. Kuskure ashirin a takarda sau da yawa tushensa ɗaya ne: kunnen yaron bai rarrabe sautukan biyu ba tukuna. Yanzu kafin in ɗauki biro nakan kira ɗalibi in furta masa kalmomin, in tambaye shi abin da ya ji.

Har yau ni nake kai Inna ganin likita a Azare cikin Fijon Malam. A aljihun motar akwai fiyus guda uku da guntun wayar nan da Baba ya ba ni kyauta.