Sandar Fatsa da Iskar Hunturu a Kogin Faro

Daga Garwa muka kama hanyar Gaundare, muka karkata yamma ta Poli, sannan jar ƙura ta karɓe mu har bakin Kogin Faro. Watan Fabrairu ne. Ruwa ya janye ya bar farin rairayi da gurabu masu zurfi tsakanin duwatsu, inda dorinai ke wuni. A nan giwan ruwa yake ɓuya, can sama da inda kogin ke haɗuwa da Binuwai wajen iyakar Kamaru da Najeriya.

Fatsar da ta kawo mu ba irin ta gida ba ce. Babu tana, babu dalma. Gashin tsuntsu ake ɗaura wa ƙugiya har ta yi kama da ɗan kifi, kuma da yake gashi ba ya jefuwa, nauyin igiyar ne ke kai shi. Shi ya sa kowace igiya ke da lamba. Tun 1961 masu ƙera kayan a Amurka suka tsayar da ma'auni a kan ƙafa 30 na farkon igiya: lamba 5 giram 9 ce, lamba 9 ta ɗara 15, lamba 12 ta kusa 25. Sanda kuwa lambar igiyarta take ci.

Da hantsi iskar hunturu ta taso. Wani baƙo a ƙasa da ni yana ta fama da lamba 5, sanda mai daɗin hannu, amma duk jifa sai igiyar ta buɗe a sama ta dawo ta zube a ƙafarsa. Dattijon da ke mana jagora ya miƙa masa lamba 9.

"Malam, iska ba ruwanta da kyan sanda. Rage hannu ƙasa, ka tsuke jifar."

Nan take igiyar ta tsaga iska ta sauka a bakin gurbi. Tsage ya fizge ta, ya yi sama yana kaɗa kai, haƙoransa a waje. Ba don ɗan guntun wayar da ke gaban ƙugiya ba, da ya datse zaren.

Giwan ruwa sai dare, kuma sai lamba 12. Koton da ake jefa masa ya kai tsawon tafin hannu, in ya sha ruwa ya yi nauyi, ƙaramar igiya ba ta iya juya shi. Ana tsaye kan dutse cikin duhu, dorina na gurnani kusa, sai ka ji an riƙe igiyar kamar ta maƙale a kututture, sannan kututturen ya fara tafiya. Kifi ne da kan haura kilo 100, kuma da ya ji ƙugiya ramin dutse yake nufa. Gindin sandar ne zai tare shi ko ya kasa.

Ban yarda da masu cewa kama babban kifi da ƙaramar sanda gwaninta ba ce. A Faro sakin kifi ake yi, kuma wanda aka daɗe ana ja har ya galabaita, ko ya koma ruwa rabon kada ne. Nawa dai cikin ɗan lokaci ya zo hannu. Dattijon ya tallafe shi cikin ruwa har ya buga wutsiya, ya ce, "Ɗana, duba ƙullinka, akwai wanda ya fi shi a ƙasa."