Wane Ne Mijinta?



Duk wanda ya saba da karatun littattafanmu na Hausa ya san wurin nan da zan faɗa. An yi wa tauraruwar labari kishiya, ko an aiko mata da takarda, sai ta dafe ƙirji ta yanke jiki ta faɗi, a kwashe ta ranga-ranga sai asibiti. Likitoci su rufu a kanta, dangi na ta safa da marwa a baranda, can sai ga likita ya fito yana share gumi yana tambaya, "Wane ne mijinta?" A bi shi ofis, ya zare tabarau ya ce jininta ne ya hau, a daina ɓata mata rai. Kafin shafi biyu ta farfaɗo, miji na riƙe da hannunta yana ba ta haƙuri.

Ban ce marubutanmu sun yi laifi ba, ni ma ina jin daɗin wurin, musamman in mijin nan ya daɗe yana gasa mata aya a hannu. Sai dai a wajenmu, wato Sundimina da ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, in ka ji an ce mace ta yanke jiki jininta ya hau, to galibi ba 'yar gayu ba ce mai mota a ƙofar gida. Yarinya ce 'yar shekara goma sha shida ko sha bakwai, da cikin fari, ta zo goyon ciki gidan iyayenta, kuma abin da ya kayar da ita sunansa jijjiga.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, ashe tuni wasu likitoci suka zauna suka ƙirga matan nan namu ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta, duniya ta karanta, mu da abin ya shafa ba mu da labari.

A shekarar 2000 aka mayar da babban asibitin Birnin Kudu hannun gwamnatin tarayya, ya zama abin da kowa ke kira FMC. Cikin likitocin mata da suka yi aiki a can akwai Dokta Jamilu Tukur, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano. Shi da abokan aikinsa suka bi fayil-fayil na matan da suka haihu a asibitin daga 2002 zuwa 2005, suka fitar da sakamakon a 2007 cikin mujallar likitoci mai suna Annals of African Medicine. A haihuwa 2,197 sun sami mata 207 da suka yi jijjiga, wato sama da tara cikin kowace ɗari. A cikinsu 22 ba su koma gida da rai ba. Mafi yawansu cikin fari ne, fiye da rabi ba su cika shekara ashirin ba, kuma sama da kashi 80 cikin ɗari ba su taɓa zuwa awo ba. Fiye da rabi kuwa sai da suka haura awa goma sha biyu da fara jijjigar sannan aka iso da su asibiti.

A nan sai a yi hattara, kada wani ya ɗauka cewa duk mace tara cikin ɗari a ƙasar Birnin Kudu na jijjiga. A'a. Wadda haihuwa ta zo mata da sauƙi a ɗaki take haihuwa, ungozoma ta yanke cibi, ba ta shiga lissafin kowa ba. Asibiti sai abu ya gagara ake zuwa, shi ya sa adadin ya yi yawa haka. To amma wannan ɗin ma ai labari ne. Kuma akwai wata da ba ta shiga lissafin ba, ita ce wadda ta cika a gida ko a hanya, aka juyo da mota. Ita ba ta da kati, ba ta da fayil, sai dai a ce wa'adi ya yi.

Awa goma sha biyun nan ita ta fi tsaya mini a rai, don na san inda take tafiya. Na taɓa ganin yadda take tafiya da idona.

'Yar yayata ce, ba zan kama suna ba. Tun cikin na wata bakwai ƙafafunta suka kumbura, daga baya har fuska da yatsu, zobe ya ƙi fita. Manya suka ce ai alama ce ta namiji za ta haifa, wasu suka ce zaƙi ne, a dafa mata saiwa. Ita kuwa kunyar cikin fari ta hana ta buɗe baki ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi. Kowa ya san tarbiyyarmu, yarinya ba ta nuna ta san tana da ciki, balle ta yi raki. Ranar da abin ya zo, bayan la'asar ne, tana zaune tana tsintar shinkafa sai gani aka yi ta ƙanƙame, ido ya juye, tana taune harshe. Nan take aka ce iska ce. Aka kawo garwashi aka zuba hayaƙi, aka aika karɓo rubutu, wata ta ɗauko cokali za ta tura mata a baki. Da ta lafa aka ce alhamdu lillahi sun sake ta. Bayan magariba ta sake, bayan isha ta sake.

Na ce da goggonmu, "Goggo, don Allah a kai yarinyar nan asibiti."

Ta ce, "Ke dai da asibiti. Mijinta ya sani ne? Ko so kike a ce mun fitar masa da mata da dare ba izini?"

Ka ji fa, mai karatu. Ashe tambayar nan ta cikin littafi, wane ne mijinta, a gida ake fara yin ta, kuma a can ne take cin rai. Mijin yana Legas wajen nema, waya ba ta shiga. Sai da aka taso mahaifinsa ya ce a tafi, sannan aka shiga neman mota, sannan kuɗin mai, ga damina, ga hanya ta jiƙe. Muka isa ana kiran assalatu. Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba, ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba.

Masana sun daɗe da ba wa wannan abu suna. Tun 1994 wasu mata biyu masu bincike a Amurka, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka ce jinkiri uku ne ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar a tafi, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyun shi gwamnatoci suka fi taɓawa, don shi ake iya ɗauka a hoto. A zamanin Sule Lamido, ɗan Bamaina nan kusa da mu, an yi shirin Haihuwa Lafiya aka raba motoci a ƙauyuka don ɗaukar masu naƙuda, an kuma horar da direbobin tasha su riƙa kai ɗauki. Abu ne mai kyau, ba na musu. Amma mota ba ta tayar da kanta, sai wani ya ce a tafi. Ni a ganina na farkon nan shi ne uwa uba, kuma ba ya buƙatar kwangila. Magidancin da zai tafi cirani ya bar mata da ciki, me zai hana ya faɗa a gaban iyayensa da nata cewa duk abin da ya taso a kai ta asibiti, ya yafe neman izini?

Jijjiga dai ba daga sama take faɗowa ba. Tana da share fage, wato jini ya hau ya kai 140 bisa 90 ko fiye bayan ciki ya wuce sati ashirin, a kuma ga alamar furotin a fitsari. Abu biyun nan su ake dubawa ranar awo, da abin aunin nan da ake ɗaurawa a dantse da ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari, ba su cin minti goma. In kuma ta riga ta faɗi, a kwantar da ita ta gefen hagu, a kawar da wuta da duk abin da zai ji mata ciwo, kada a tura mata cokali, kada a ɗura mata komai a baki don yana iya wucewa huhu. Addu'a kuwa ba a hana ba, a yi ta a cikin mota.

Sai maganar magani, kuma nan ne na ga amfanin bincike ƙuru-ƙuru. Shekaru da yawa abin da aka fi yi wa mai jijjiga a asibitocinmu shi ne allurar barci ta diyazifam, wadda aka fi sani da Valium. A 1995 wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa wani gishiri mai arha, maganiziyam salfet, ya fi ta hana jijjigar dawowa. A 2002 aka fitar da sakamakon wani gwajin mai suna Magpie, a kan mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna maganin na rage haɗarin faɗawa jijjiga da fiye da rabi ga wadda jininta ya riga ya hau. Duk da haka maganin bai wadata a asibitocin Arewa ba, inda ma yake wasu ma'aikata na tsoronsa, don in ya yi yawa a jiki yana iya tsayar da numfashi.

A 2008 aka gwada wani abu a manyan asibitoci goma na jihar Kano, da hannun Dokta Tukur ɗin nan da ƙungiyar Population Council. Ba wani injin zamani aka sayo ba. An kawo maganin, an tara likitoci da ungozomomin asibiti an koya musu yadda ake ba da shi da yadda ake tsaronsa: a ƙwanƙwasa gwiwa a ga ko ƙafa na harbawa, a ƙirga numfashi, a auna yawan fitsari, a ajiye makarinsa a kusa. Waɗanda aka koya wa suka koma suka koya wa na ƙasa da su. Kafin wannan, a cikin kowace mace ɗari da ta yi jijjiga kusan 21 ke mutuwa. Bayansa adadin ya dawo ƙasa da uku. Na karanta wurin nan ya fi sau uku ina lissafin gidajen da ba a yi zaman makoki ba.

To ga inda nake da ja da mutanenmu, kuma ina da ja da likitocin su ma.

Mutanenmu sukan ce ba sa son babban asibiti don yara 'yan koyo ne ke taruwa a kan mutum, wai da mu ake gwaji. Na ga taron da suke nufi. Babban likita na tsaye a gefen gadon 'yarmu, matasa biyar ko shida na zagaye da shi da littattafai, ga 'yan makarantar koyon jinya cikin fararen kaya, yana jefa musu tambaya da Turanci suna rarraba ido. Goggo ta ja mayafi ta ce, "Yanzu fisabilillahi 'yar tamu ce ta zama allo?" Ban ga laifinta ba. Amma yarinyar da ke rarraba idon nan yau, ita ce gobe za a tura ƙaramin asibitin ƙauye ita kaɗai, ba likita, ba wuta, a kawo mata mai jijjiga ƙarfe biyun dare. In ba ta taɓa gani an ƙwanƙwasa gwiwa ba, a ina za ta koya? Ba a koyon iyo a tudu. Kuma Birnin Kudu gari ne da ya daɗe da makarantar koyon jinya da ungozoma, 'ya'yanmu ne a ciki, ba baƙi ba.

Tsoron gwaji kuwa yana da asali, kada wani ɗan boko ya raina shi. Ba a manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, aka yi shekara da shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa nake ganin wajibi ne likita ya tsaya ya yi bayani da Hausar da tsohuwa za ta gane: waɗannan ɗalibai ne, kin yarda su tsaya? Wannan takarda ta bincike ce, in kin ƙi sa hannu ba abin da zai ragu a kulawar da za a yi miki. Minti biyu ne, amma sau nawa ake yi?

Babban ƙorafina ma bai kai nan ba. Fayil ɗin da aka buɗe aka ƙirga, na matan Sundimina ne da Kiyako da Wurno da Gwaram da Basirka. Da jininsu da hawayen iyayensu aka cika shi. An rubuta sakamako da Turanci, an buga a mujallar da sai mai intanet da digiri zai gani, marubuta sun sami ƙarin girma a jami'a, kuma sun cancanta. Amma wa ya dawo ya tsaya a ƙofar fadar dagaci, ko a masallacin Juma'a, ko a makarantar Islamiyya ta matan aure, ya ce ga abin da muka gano a kanku? Da an gaya wa Goggo tun 2007 cewa cikin mata 207 fiye da 170 ba su je awo ba, ita mai lissafin kuɗin adashi ce, da ta gane.

Kuma binciken bai tsaya ba. A 2023 an fitar da sakamakon wani babban aiki kan zubar jini bayan haihuwa, mai suna E-MOTIVE, a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a daina kintacen jinin da ya zuba, da ya kai iyaka sai a haɗa mata magunguna gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. 'Yar Kano ce, Hausa take ji, amma na tabbata masu sayen littattafanmu da suka san sunan taurarin labari ɗari ba su san nata ba. Ga marubutanmu nan, in suna neman tauraruwa.

Ita dai 'yar yayar tawa ta sake samun ciki bayan shekara biyu. Wannan karon tun yana wata uku mijin ya ɗauke ta a babur ya kai ta awo da kansa, ya zauna a benci cikin mata yana sunkuyar da kai. Da suka ji tarihinta sai suka ɗora ta a kan ƙaramar asfirin, ƙwaya ɗaya kullum, da maganin ƙarin sinadarin ƙashi, suka ce ta riƙa zuwa a kai a kai, kuma a asibiti za ta haihu ko da lafiya lau take ji. Goggo ta juya ƙwayar a tafin hannu ta ce ita ba ta ga abin da maganin ciwon kai zai yi wa iska ba. Amma ita ce ke tashin ta kowace safiya ta sha, ta kuma ɗaure katin awon a leda ta sa ƙarƙashin tulin tasoshinta inda ɓera ba ya kai wa.