BA A SARKI BIYU A ZUCIYA ƊAYA

 Yau ina so mu taɓa wata magana mai nauyi, wadda duk ranar da aka karanta ta a majami'a za ki ga ɓangaren mata ya yi tsit, wata ta sunkuyar da kai tana gyara goyo. Maganar tana cikin Matiyu 10:37, inda Yesu Almasihu ya gargaɗi mabiyansa kada ƙaunar iyaye ko ta 'ya'ya ta hau bisa ƙaunarsa. Da a kan dukiya kaɗai ya tsaya, da abin ya zo da sauƙi, domin kowa ta san wata rana za a tafi a bar ta. Amma ɗan da kika ɗauki cikinsa wata tara, kika sha naƙudarsa, kika hana idonki barci dominsa fa? Ai dole maganar ta sosa wa uwa rai.

To, bari mu fara da mai sauƙin, wato kaya. Mu mata muna son abu mai kyau, kuma wannan ba zunubi ba ne. Tun yarinya ba ta san kanta ba uwarta ke tara mata kayan ɗaki, kwalla da tasoshi, gado da katifa, sannan ga akwatunan lefe cike da atamfa da leshi. Littafi Mai Tsarki bai hana ki ko ɗaya ba. Ki tuna mai dukiyar nan na Markus sura 10, wanda ya durƙusa gaban Yesu yana neman rai madawwami. Mutumin kirki ne, yana kiyaye dokoki tun ƙuruciyarsa, har Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi. Amma da aka ce ya sayar da abin da ya mallaka ya raba wa matalauta, sai ya juya ya tafi ransa a ɓace. Kin ga ashe tun da daɗewa dukiyar ce ke sarautar zuciyarsa, shi kansa bai sani ba sai ranar da aka taɓa ta.

Mu ma idan aka tambaye mu da baki, kowa za ta ce Allah ne farko. Amma zuciya ba ta amsawa da baki, a aikace take amsawa. Mai sana'ar da ke tauye mudu don riba ta ƙaru ta ba da amsarta. Wadda ta ci bashin da ta san ba za ta iya biya ba don kada a yi anko babu ita, ita ma ta ba da tata. Haka wadda maƙwabciya ta ari tangaran ɗinta ta fasa, shekara guda ba ta amsa gaisuwarta, amma ranar Jibin Ubangiji ga ta a layin gaba.

Sai mu zo ga mai wuyar, wato mutanenmu. Mace nawa ce tsoron kada miji ya juya mata baya ya kai ta ƙofar boka da dare? Mace nawa ce neman haihuwa ya sa ta sha abin da ta san bangaskiyarta ba ta yarda da shi ba? Ke kuma budurwa, saurayi ya ce idan kina sonsa ki nuna masa kafin a ɗaura aure, kika ji tsoron ya gudu ya fi tsoron Ubangiji ƙarfi a ranki. A duk waɗannan ba a ce ƙaunar ce mummuna ba. Wurin da aka zaunar da ita ne ba nata ba. Miji mutum ne kamar ki, yana gajiya, yana mantuwa, wata rana zai mutu. Idan kika ɗora masa nauyin da Allah kaɗai ke iya ɗauka, shi zai gaji da ke, ke kuma ba za ki ƙara barci da ido biyu rufe ba.

Ni dai a cikin matan Littafi Mai Tsarki babu wadda ta buɗe mini ido a kan wannan kamar Hannatu matar Elkana, a littafin Sama'ila na fari. Shekara da shekaru ba ta haihu ba, ga kishiyarta Feninna tana yi mata gori har ta kasa cin abinci. Ta je Shilo ta yi kuka gaban Ubangiji, ta yi wa'adi cewa idan ta sami ɗa namiji za ta mayar da shi ga wanda ya ba ta. Da ta yaye Sama'ila kuwa sai ta kama hannunsa ta kai shi wurin Eli firist, ta koma gida hannu wofi. Amma ki lura da wani ɗan abu da ake yawan tsallakewa: kowace shekara sai ta ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Ki yi tunaninta zaune tana ƙiyasta yadda kafaɗarsa ta ƙaru tun bara. Wannan ba halin uwar da ta daina son ɗanta ba ne. Ta miƙa shi, ƙaunar kuma tana nan daram.

Na ga irin wannan da idona a gidanmu. Yayata ɗa namiji guda ɗaya gare ta. Da tuyar ƙosai da adashe ta biya masa kuɗin makaranta, tana sa rai zai kama aikin ofis ya share mata hawaye. Da ya gama sai ya ce shi aikin bishara yake jin an kira shi, kuma a wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Kwana uku ba ta dafa ba, ba ta ci ba. A rana ta huɗu mahaifiyarmu ta shiga ɗakinta ta zauna a bakin gado, ta ce, "Ke 'yar nan, ranar da aka kai yaron nan majami'a yana jariri, me kika ce wa Ubangiji?" Yaya ta ce, "Mama, ai na ce na miƙa shi." Mama ta ce, "To, ashe kin ɗauka ba ya ji ne?" Shiru ya biyo baya. Ba zan ce miki daga ranar kuka ya ƙare ba, domin duk lokacin da aka ce hanyar can babu lafiya, ba ta runtsawa. Amma ita ce ta ɗaure masa kayansa da hannunta, kuma bayan kowane girbi takan aika masa da garin masara, da daddawa, da kuka.

Akwai wadda aka nemi fiye da haka a hannunta. A shekarar 203, a birnin Kartaj cikin ƙasar Tunisiya ta yau, an kama wata matashiya mai suna Farfetuwa saboda bin Almasihu. Shekarunta wajen 22, da jariri a nono. Mahaifinta ya riƙa zuwa yana roƙonta ta dubi furfurarsa, ta dubi jaririn, ta miƙa hadaya domin sarkin Roma a sake ta. Ta nuna masa wani tulu, ta fahimtar da shi cewa kamar yadda ba a kiran tulu da wani suna dabam, ita ma ba za ta ƙaryata abin da take ba. A labarin da ta rubuta a kurkuku, babbar damuwarta jaririn ne, har sai da aka yarda ya zauna tare da ita hankalinta ya kwanta. An kashe ta a dandalin wasa tare da wata baiwa, Felisita, wadda ta haihu a kurkukun 'yan kwanaki kafin nan. Yawancinmu ba za a tsayar da mu gaban alƙali haka ba. Namu gwajin yana zuwa ne a bakin murhu da bakin kasuwa.

Sai dai ina da jan kunne. Kada wata ta ɗauki wannan magana ta mai da ita mafaka, ta bar yara da yunwa da maigida babu ruwan wanka wai tana can taron addu'a. Yesu da kansa, a Markus sura 7, ya tsauta wa masu fakewa da baiko su ƙi taimakon iyayensu. Yana kan gicciye ma bai manta da mahaifiyarsa ba, sai da ya danƙa ta a hannun almajirinsa. Wadda ta sa Allah farko ita ce ya kamata ta fi kowa iya riƙon gida, domin ba ta riƙe shi da tsoro.

Shawarata gare ki ita ce, yau da dare bayan yara sun yi barci, ki zauna ki kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, maigida, yara, iyaye, har da keken ɗinkin da akwatin, kina gode wa wanda ya ba ki amanarsu. Sunan da kika ji ya maƙale miki a wuya, kin kasa cewa na Ubangiji ne, to a nan za ki tsaya ki daɗe kina addu'a.

Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta Hannatu, ya albarkaci gidajenmu. Amin.