Karen da ke kiwon agwagi

A ƙasar Hausa, in kare ya shiga cikin agwagi, sai a tashi da sanda. Kowa ya san abin da ya kawo shi. Amma a Birtaniya akwai wani kare da ake danƙa wa agwagi da gangan. Sai ya kora su, ya bi da su ta ƙofar shinge, ya shigar da su akurki, bai taɓa gashin ko ɗaya ba. Sunan wannan irin kare Boda Koli. Asalinsa daga duwatsun kan iyakar Ingila da Sikotilan ne.

Ba wani babban kare ba ne. Nauyinsa bai cika wuce kilo 20 ba. Yawanci baƙi ne mai farin wuya da farin ƙirji, ga gashi da yawa saboda sanyin ƙasarsu. Ainihin aikinsa kiwon tumaki ne. A can ba a bin tumaki da sanda kullum kamar yadda Filani ke yi. Sakin su ake yi bisa duwatsu, su watsu, su yi makonni ba a tara su ba. Ranar da za a yi musu aski ko allura, ko a ware na kasuwa, mutum ɗaya ba ya iya tattaro su. Ko babur gare shi, akwai gangaren da babur ba ya bi. Sai kare. Makiyayin da ba shi da karen kirki, tumakinsa nasa ne da baki kawai.

To, me ya haɗa karen tumaki da agwagwa?

Kare yana tsufa da wuri. In ya kai shekara 9 ko 10, ƙafarsa ta fara nauyi a kan dutse. Dole makiyayi ya horar da wani kafin tsohon ya zauna. Ga kwikwiyo ya kusa shekara ɗaya, jininsa na tafasa, duk abin da ya motsa sai ya bi shi. In aka kai shi cikin tumaki tun ranar farko, ana iya yin hasara. Tunkiya mai ɗa ba ta tsoron kwikwiyo. Tana buga ƙafa a ƙasa, ta sunkuyar da kai, ta tunkuye shi. Kwikwiyon da ya sha tunkuyi yakan tsorata, ya ƙi matsawa kusa da tunkiya har abada. Wani kuma ya koma cizo, ya yi ta yaga ƙafafun dabbobi. Ko wanne ya faru, hatsin shekara ɗaya ya tafi a banza. Shi ya sa wasu makiyaya suke fara masa da agwagi biyar ko shida cikin ƙaramin fili. Agwagwa ba ta tunkuyi, kuma ba ta tsere wa mutum. In kwikwiyo ya yi kuskure, maigidansa yana kusa, sai ya gyara masa nan take.

Agwagin da ake wannan aiki da su ba irin na bakin tabkin Madarunfa ba ne, masu nauyin jiki da jar fuska, masu tafiyar ƙasaita. Waɗannan sirara ne, suna tsayawa a miƙe kamar kwalba, wuya sama. Gudu suke yi, ba sa tashi sama, kuma ba sa rabuwa da juna. Inda ɗaya ta juya, nan duka za su juya. Turawa suna ce musu agwagin Indiya masu gudu, alhali daga tsibiran Indunusiya suka fito, irin su Jawa da Bali. Jiragen ruwa ne suka kai su Birtaniya a ƙarni na 19. A ƙasarsu ta asali kuwa mutum ne ke kiwon su, ba kare ba. Yana riƙe da doguwar gora mai ƙyalle a kanta, yana gaba suna biye, har gonar shinkafar da aka girbe. Sai ya kafa gorar. Agwagi su wuni kusa da ita suna tsintar ƙwayar da ta zube da ƙwari da dodon koɗi. Ke nan tun kafin su san kare sun saba da a kora su.

Wanda ya ga Boda Koli yana aiki zai ce farauta yake yi, kuma bai yi ƙarya ba. Kansa a ƙasa, wutsiya a ƙasa, cikinsa ya kusa taɓa ciyawa, ya kafa wa agwagi ido ba ƙiftawa. Haka kakansa kyarkeci ke yi: ya kafa ido, ya yi sanɗa, ya bi da gudu, ya kama, ya kashe. Makiyaya sun daɗe suna zaɓen karnukan da ke da ido da sanɗa da gudu, suna kawar da masu cizo daga haihuwa. Agwagwa ba ta san wannan ba. Ita dai ta ga maƙiyi, sai ta matsa cikin ƴan'uwanta, su ja da baya. Da wannan tsoro kare ke tuƙa su. In ya matso taki ɗaya, su tafi. In ya kwanta, su tsaya.

Akwai wani hali da ba a koya masa, da shi ake haifarsa. In mutum ya tsaya gabas da garke, karen zai zagaya ya tsaya yamma. In mutumin ya koma kudu, karen ya koma arewa. Kullum yana son garke ya kasance tsakaninsa da maigidansa. A kan wannan hali ake gina sauran horon. In ya zagaya ta hagu, a faɗa masa kalma ɗaya. In ya zagaya ta dama, a faɗa masa wata. A hankali sai ya haɗa kalma da aiki. Manyan umarnin ba su da yawa: zagaya ta hagu, zagaya ta dama, kwanta, matso sannu, aiki ya ƙare. In kare yana kusa, da baki ake faɗa masa. In ya yi nisa, sai fito. Makiyayi mai kare biyu yakan ba kowane nasa fiton, don kada su rikice.

Mafi wuya a cikinsu shi ne "kwanta". Agwagwa ta ɓalle, tana gudu a gaban hancinsa, bakinsa a buɗe, sai a ce ya kwanta. Tunkiya tana iya shan cizo ta warke, amma agwagwa cizo ɗaya ya ishe ta. Kwikwiyon da ya kwanta a wannan lokaci ya ci jarrabawar da ta fi kowace.

Ba duka makiyaya suka yarda da horon agwagi ba. Wasu sun ce yana sa kare ya saba matsewa kusa-kusa, alhali tunkiyar dutse tana son a ba ta fili, in ba haka ba ta watse. Suna da gaskiyarsu. Agwagwa ajin farko ce, ba a zama cikinta. Sai dai a bukin manoma, inda ake nuna wa yara gwanintar kare, agwagi sun fi tumaki ban dariya, kuma sun fi sauƙin ɗauka a mota.

Gasar karnukan tumaki ta daɗe. An yi wata sananniya a 1873 a Bala, cikin ƙasar Wels, wani kare mai suna Tweed ya ci. A 1893 aka haifi Old Hemp a gidan wani makiyayi, Adam Telfer, a arewacin Ingila. Shi ba ya haushi, ba ya hayaniya, da ido kawai yake juya tumaki. Makiyaya suka yi ta kawo masa karyoyinsu, har ya bar ƴaƴa wajen 200. Shi ake ɗauka uban wannan iri. A 1906 aka kafa ƙungiyar da ke shirya gasar da rubuta asalin karnuka. A gasar, karen da ya ciji tunkiya ba dalili, fitar da shi ake yi. A 2021 an sayar da wata karya ƴar shekara ɗaya, Kim, a Wels, fam 27,100, wato wajen miliyan 20 na kuɗin sefa. Garken shanu guda ke nan.

Yanzu a kawo wasu karnuka gaban agwagin nan, a ga abin da za su yi.

Labarado zai shiga ruwa ya ɗauko ɗaya a baki ya kawo wa maigidansa. Aikinsa ke nan: in maharbi ya harbo agwagwar daji ta faɗa tabki, shi ke iyo ya kawo ta, bai huda ta da haƙori ba. Saboda sanyin halinsa, shi aka fi koya wa yi wa makafi jagora.

Patu, farin ƙaton karen duwatsun Pirene a Faransa, ba zai kora su ko'ina ba. In ya tashi tare da su, sai ya kwanta tsakiyarsu ya yi gadi. Tun yana kwikwiyo ake sa shi cikin tumaki, har ya ɗauke su dangi. Da kyarkecin Turai ya dawo Faransa a 1992, makiyaya suka koma neman Patu. Garke ɗaya yakan samu kare iri biyu, mai kora da mai gadi, kuma ɗaya ba ya iya aikin ɗaya.

Nijar ma tana da nata karen da duniya ta sani. Shi ne karen Azawak, wanda ya ci sunan kwarin da ke arewacin Tawa har cikin Mali, kamar yadda saniyar Azawak ta ci. Buzaye suna ce masa oska. Dogo ne siriri, ƙafafu zara-zara, gashinsa gajere. Ana ganin haƙarƙarinsa ko da ya ƙoshi, har baƙo ya ce yunwa ce, alhali halittarsa ce. Da ido yake farauta, ba da hanci ba. Da zarar ya hango zomo ko barewa, ya tafi kamar kibiya. Da dare kuma shi ke tsaron zango, yana korar dila da kura, kuma ba ya sakin jiki da wanda bai sani ba. In an sako masa agwagi masu gudu, sai dai a yi miya. Ba mugunta ba ce. Shi makiyayansa ba su cire masa kamun ba, don kamun suke so.

Matsala takan zo in an raba kare da aikinsa. Mutanen birni a Turai suna ganin Boda Koli a telebijin, su ji an ce ya fi kowane kare kaifin ƙwaƙwalwa. Akwai ma wata karya a Amurka, Chaser, da ta san sunayen kayan wasa 1,022 kafin ta mutu a 2019. Sai su saya su ajiye a gidan bene. Kare ya rasa tumaki, ya koma kora yaran gida zuwa kusurwa ɗaya, ko ya yi ta sanɗar motoci a bakin hanya, wani ya ƙare a ƙarƙashin taya. Karen Azawak shi ma an fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970. Can ba zomon da zai bi sai na leda da ake ja da igiya a filin tsere. In hunturu ya yi kuwa, ba shi da gashi ba shi da kitse, sai an sa masa riga kafin a fita da shi.